Shafin Ƙarshe

A Yaba na saye shi, gefen layin dogo,
littafin da ya sha hannu, bangonsa ya sha rana,
naira ɗari biyar bayan dogon ciniki.
Ranar ce motar Sallau ta iso Mil Sha Biyu
da albasar Aliero, buhu tamanin da huɗu.
Na ƙirga a tsaye, ruwa na dukan ƙeyata,
ban ma lura a kan me na rubuta ba.

Da dare Agege ta yi shiru irin nata,
wato janareto uku da rediyon maƙwabta.
Na buɗe.
A shafi na tara aka tsinci attajiri
kwance a ɗakin da aka kulle ta ciki,
shayinsa bai huce ba, agogonsa ya tsaya,
taga a rufe, makulli a aljihunsa.
To ta ina ajali ya shiga, ta ina ya fita?

Marubucin nan ɗan duniya ne.
Ya yar da maɓallin riga ƙarƙashin kujera,
ya wuce kamar bai ga komai ba,
sannan ya yi ta buga mini ganga a kan direba
mai tabo a goshi, mai bashin caca.
Shafi sittin ina bin sawun bawan Allah,
ashe ranar yana Ibadan wajen jana'iza.

Kowa a gidan da abin da yake ɓoyewa.
Kuku na sayar da shinkafar gida ta bayan katanga,
ƙanin mamaci ya iya sa hannun yayansa,
likita ya yi ƙarya a kan ƙarfe nawa ya zo.
Mai binciken kuwa tsohuwa ce mai ciwon gwiwa,
ba ta gudu, ba ta ɗaga murya.
Tambaya ɗaya take jefawa, ta kama bakinta,
har shirun ya shaƙe mutum ya amayo gaskiya.

Dare huɗu ina karatu da fitilar waya.
A danfo na zarce tashata har hanyar Ikorodu,
kwandasta na ihu, ni ina ɗakin gawa.
A dare na biyar ta tara su a falo,
ta ce a rufe ƙofa,
ta ɗaga maɓallin nan sama,
ta ce, “Wanda ya aikata shi ne…”
Na juya.
Bango.
An yage shafin ƙarshe, saura haƙoran takarda.

Sai na zama ita.
Na zargi mai littafin Yaba da dabarar kasuwa.
Na zargi Iya Mulika mai ƙosai a ƙofar gida,
na sayi na ɗari biyu don in duba ƙunshinta:
jarrabawar wani yaro ce, ya ci uku cikin goma.
Na titsiye ɗana Tanimu, gwanin jirgin takarda,
ya rantse har da hawaye, na ba shi hamsin ta kunya.
Har ɓeran ɗaki sai da ya sha harara.

Ran Asabar Sallau ya kira: buhu nawa ne ma?
Na laluba rigar da aka wanke tun Talata.
A aljihu, wani dunƙule kamar tuwon jiya.
Na ɓare shi a hankali a bakin taga.
Gefe guda, tamanin da huɗu, da rubutuna.
Ɗaya gefen, sabulu ya cinye suna,
ya bar mini “shi kaɗai ne ba wanda ya…”

Na yi dariya har Iya Mulika ta leƙo.
Na caje rabin Ikko, na tsallake aljihuna.

Attajirin na nan kwance, shayinsa bai huce ba,
tsohuwa na tsaye da maɓalli a hannunta,
gwiwa na mata ciwo, ba damar ta zauna.
Ni dai har yau likita nake zargi.
Tanimu ya ce kukun ne.
Bai ma karanta ba.